Cizal na Shida

Tun kafin ya ɗaga hama a karo na uku, jikin Baban 'Yan Biyu ya ba shi cewa yau ba za a wanye lafiya ba. Ya buga. Bakin cizal ɗin, ƙarfen huda katako, ya lanƙwashe kamar murfin gwangwani, katakon kuwa ko gezau.

Na uku ke nan cikin shidan da ya sayo jiya. Ya tsaya yana kallon ƙofar da ke kwance a kan benci. Wata biyar da rufe masaƙar da yake aiki, sai makon nan wani ɗan kwangila ya ce ya yi masa ƙofa ɗaya ta gwaji, in ta yi kyau a ba shi sauran goma sha huɗu na gidan. Jibi za a zo dubawa. Ga yara huɗu a ɗaki, ga kafintancin da rabonsa da shi tun yana saurayi.

"Wane ne yake dukan gwangwani a nan?" wata murya ta tsallako katanga.

Baba Kafinta ne, maƙwabcinsa. Shekara guda ke nan ciwo ya raba shi da aiki, kullum yana kujera a bakin ƙofa yana shan hantsi.

Matar Baban 'Yan Biyu ta leƙo daga ɗaki. "Ka je mana. Ai ya riga ya ji, ɓoyon me kuma?"

Ya tattara cizal ɗin duka shida cikin akwatin robarsu mai murfi garai-garai, ya zagaya. Kunya ce ta cika shi, don tsohon ya gaya masa tun farko: ko dai ya je wurin maƙerin bayan tasha, ko ya sayi na waje guda ɗaya mai kyau. Shi kuwa da ya ga shida a farashin ɗaya, suna sheƙi, sai zuciyarsa ta ce uba mai yara huɗu ba ya wuce irin wannan.

"Baba, mai shagon ya rantse mini 'yan waje ne."

"Ni ma surukina ɗan waje ne, ka ga ya taɓa tsinana wani abu?" Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Miƙo."

Hannuwan tsohon rawa suke yi, har akwatin yana kaɗawa. Ya ɗauki na farko da yatsu biyu, ya bar shi yana lilo, ya ƙwanƙwasa shi da ƙusa, ya kai kunne. Ya ajiye a ƙasa. Haka na biyu, haka na uku. Da ya zo kan na shida, mafi siranta, sai ya ƙwanƙwasa sau biyu, ya ɗora shi a cinya.

"'Yar Baba, ɗauko mini jakar nan da dutsen washi."

'Yarsa, wadda ta baro nata gidan don jinyarsa, ta fito da tawul a kafaɗa. "Baba, likita ya ce me?"

"Likita ya ce kar in ɗauki kaya mai nauyi. Ke za ki ɗauko."

Daga tsohuwar jakar ya zaro cizal biyu. Ɗaya washi ya cinye shi har bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Ɗayan baƙi ne ƙirin, da tabon guduma a jikinsa.

"Wannan gajeren ya ƙetaro teku tun maigidana yana da haƙora. Wannan baƙin kuwa bai taɓa wuce bayan tasha ba, da ƙarfen sifirin na ƙarƙashin babbar mota aka ƙera shi. Je ka tambayi katako wanne ne baƙo. Shekara arba'in ina tambayarsa, bai ba ni amsa ba."

Ya ɗiga mai a kan dutsen, ya ɗora bakin baƙin cizal ɗin. Abin da Baban 'Yan Biyu ya gani a nan bai taɓa iya ba da labarinsa daidai ba. Ƙarfen yana taɓa dutsen, rawar hannun ta tsaya cak. Hannun da ba ya iya kai kofi baki sai an riƙe masa, ga shi yana tafiya yana dawowa a layi ɗaya, a hankali, kamar numfashin mai barci.

Tsohon ya naɗe hannun rigarsa na hagu. Daga wuyan hannu zuwa gwiwa babu gashi ko ɗaya, sumul kamar tafin jariri.

"Nan nake gwada kaifi. Gonar ta ƙare, ta daina tsiro." Ya jawo wani guntun katako, ya tura cizal ɗin da tafin hannu kawai. Wani sassaƙe ya taso ya nannaɗe. Ya ɗaga shi sama, rana ta ratso ta cikinsa.

"Ungo baƙin nan. Aro ne, ba kyauta ba. Waɗannan biyar ɗin ka ba 'yan biyu su tona ƙasa."

"Na shidan fa, Baba?"

"Bar mini shi. Na ji wani abu a muryarsa, ban gama ganewa ba. Ko banza ma takan yi kuskure ta haifi na kirki."

Baban 'Yan Biyu ya koma bencinsa. Bugun farko, ƙarfen ya shige katakon kamar an buɗe masa hanya. Ya shiga huda ramukan haɗi ɗaya bayan ɗaya, zufa tana ɗiga masa a ido. Ta bayan katanga yana jin sautin dutse, shuu, shuu.

"Ka karkace!" tsohon ya ƙwala.

Ya duba. Ya karkace kuwa, kaɗan, ta hagu. Ya gyara.

"Yauwa. Kar ka yi masa faɗa, lallaɓa shi."

Rana ta karkata, ya gama rami na takwas, ya miƙe yana dafe da ƙugu. Sai a lokacin ya lura shiru ya yi yawa. Bai san tun yaushe dutsen ya daina magana ba. Yana ajiye hama ya ji muryar 'yar, ba da ƙarfi ba: "Baba? Baba?"

Ya same shi a kujerar, kai ya ɗan sunkuya kamar mai sauraron wani abu. Siririn cizal ɗin yana hannunsa na hagu, bakinsa yana ɗaukar ido kamar madubi. An naɗe hannun riga na dama, inda har yanzu akwai furfura. A tsakiyarta ga wani ɗan fili sabon aski, bai fi faɗin babban yatsa ba.

Ɗan kwangila ya ɗaga zuwansa da kwana uku saboda rasuwar. Da ya zo, ya bi mahaɗar ƙofar da farce yana neman inda zai shiga, bai samu ba. Ya ce a fara sauran ranar Litinin.

Da yamma Baban 'Yan Biyu ya mayar da baƙin cizal ɗin. 'Yar ta girgiza kai.

"Ya ce aro ne."

"To ka jira ya zo ya karɓa." Ta share ido, ta miƙo masa siririn ma. "Wannan kuma da ma naka ne."

Ya rataye siririn a ƙusa a saman benci. Ya san ko gwangwani in an wasa shi zai yi aski sau ɗaya, sai a cikin katako ake sanin ƙarfen da ke riƙe kaifi. Sau da yawa yakan sauko da shi, ya ƙwanƙwasa da ƙusa, ya kai kunne, ba ya jin komai sai ƙarar ƙarfe. Ƙofa goma sha huɗu sun fita daga gidan, bai ɗora masa hama ba ko sau ɗaya. Kullum da hantsi rana takan faɗo a kan bakinsa, ta jefa ɗan haske a jikin katangar. Har yau bai san abin da tsohon ya ji ba.