Hannu a Kafaɗar Roshelle

Malama Verlyn ba ta yarda a koyi nahawun Turanci a kan allo kawai ba. A makarantarsu ta gaɓar kogin Essequibo, yara take tayarwa su zama jimla. Wannan shi ne "mangwaro", na bayansa "a cikin kwando", na bayan wancan "a kan kwalekwale", kowa ya dafa kafaɗar wanda yake bayani a kansa. Haka gaɓa ke shiga cikin gaɓa, har daƙiƙin ajin ya gane.

Ranar da ɗalibarta Roshelle ta dawo bayan rasuwar uwarta, da jan ƙyalle ta zo a wuyan hannu, don kada fatalwar marigayiyar ta biyo ta. Kakarta ta tsayar da Malama a bakin ƙofa ta gaya mata: in yara suka guji yarinyar a aji kamar yadda suke yi a unguwa, ta gama karatu ke nan, sai tallar kifi.

Malama ta ce, "Roshelle, ke ce kwando. Devindra, kai ne kwalekwale, dafa ta."

Yaron ya cusa hannu a aljihu. "Malama, uwarta na tsaye a bayanta. Kowa ya sani."

Malama ta ce, "Kai da haushin kare ke sa ka jiƙa wando, yaushe ka fara ganin matattu?"

Ba wanda ya yi dariya. Ta kira wata, ta sunkuyar da kai. Ta kira wani, ya ce cikinsa ke ciwo.

Maganar gaskiya, ita ma tsoro take ji. Ita ce fa ranar jana'izar ta shiga gidanta da baya-baya, kada wani abu ya biyo ta ciki. Karatu daban, abin da aka sha a nono daban. Sai ta ga Roshelle ta fara kallon jakarta da ƙofa, kunya ta kama ta.

Ta ajiye alli, ta je ta tsaya daidai inda aka ce matacciyar take. "To, ni ce kwalekwalen." Ta ɗora wa Roshelle hannu. Kafaɗar da ɗumi, duk ƙashi.

Ta bi jimlar gaɓa-gaɓa har ƙarshe, ta ce kowa ya zauna. Za ta janye ke nan, yarinyar ta danne hannun da nata.

"Malama, ki ɗan bari tukuna," ta ce a hankali. "Tun da aka rufe Mama ba wanda ya dafa ni."