Gadon Ƙarfen Lawwali

Shekarar da gyaɗa ta yi kuɗi, Lawwali na Magama ya tashi da safe zuwa kasuwar Jibiya don ya sayo jaki. Damina ta matso, gonarsa da nisa, taki kuwa na jibge a bayan gida ba abin kai shi.

Bai kai ga karar dabbobi ba ya faɗa rumfar Arzika, wani ɗan kasuwar Maraɗi. Shi Arzika bai taɓa cewa abu ya yi tsada ba, sai dai ya ce ya ɗan yi nauyi. Tsohon kaya kuma a bakinsa wai ya ga duniya ne.

A rumfar akwai gadon ƙarfe, irin na bariki. Lawwali ya zauna a kai don ya huta kawai, gadon ya lotsa, ya dawo da shi sama.

"Maigida, ka dace," in ji Arzika.

"A'a, ni jaki na zo saye."

"Wa ya ce ka sayi gado? Ajiya za ka yi. Jaki ci yake, ya yi ciwo, ya mutu. Wannan ka taɓa jin ya nemi dusa?"

Lawwali ya ga lallai bai taɓa ji ba. Ya kwance lalitarsa. Arzika ya ƙara masa matashi, wai kado, kyauta ke nan da bakin mutanen Maraɗi.

Ƙarti biyu suka ɗauko gadon har gida. Matarsa Rabi ta leƙa bayansu, ta sake leƙawa.

"Malam, ina jakin?"

"Ajiya na yi mana."

"To, madalla. A shigar da ajiyar ɗaki."

Ƙofar ɗakin kuwa ko mutum sai ya sunkuya. Aka juya gadon ta kai, aka juya ta gefe, ya ƙi. Aka kira maƙeri ya kwance shi, ya duba ya ce tsatsa ta riga ta cinye kusoshin.

Lawwali ya koma Jibiya washegari. Maƙwabtan rumfar suka ce Arzika ya ɗan leƙa Maraɗi, sai kaka.

Gadon ya zauna a tsakar gida, Rabi ta shimfiɗa tabarma a kai tana shanya kuɓewa. Takin kuma Lawwali ya kai shi da kwando a ka, sawu shida a rana. In aka tare shi a hanya aka tambaya, sai ya sauke numfashi ya ce, "Bana mun rage hidimar dabbobi ne."