Fentin Ɗakin Auta

Tun da damina ta kankama, Autarmu ba ta kwana a ɗakinta sai da tari. Likita ya ce asma ce, a duba gidan ko akwai fumfuna. Matata ta ce tana jin warinta a ɗakin. Mai gidan da muke haya ya zo, ya zagaya ɗakin hannu a baya, ya ce ba zai fasa bangonsa don hancin matata ba. A kawo masa shaida.

Hancin matata ba ya kuskure. Nawa ne ya riga ni yin ritaya, ko tukunya ta ƙone sai na ga hayaƙi nake sani.

Wani abokin aikina ya haɗa ni da mai na'ura. Ya ce fumfunar da ta ɓuya cikin silin ko bayan filasta tana fitar da wata iska, na'urarsa tana zuƙa ta nuna wurin. A dai rufe ɗakin kafin ya zo.

Na je rufewa, na dubi bangon, kunya ta kama ni. Duk dabbare-dabbare, ga zanen biro na Auta. Baƙo ya ga wannan? Ana gobe zai zo na sayo fenti, na shafe ɗakin tas, sannan na rufe kamar yadda aka ce.

Mai na'ura yana buɗe ƙofa ya ja da baya. Ya daure ya kai bakin tiyon na'urar gindin bango, ta hau ƙara.

"Kun ji ko?" in ji matata. "Ni dai na faɗa!"

"Ranki ya daɗe, fenti take ji. Ya danne komai. Yallabai, wa ya yi wannan aikin?"

Na tura farcena da ya sha fenti cikin aljihu.

"Mai kyau ne fa fentin," na ce.

"Shi ya sa zai daɗe bai huce ba. Tabon da zan fara bi ma ka rufe shi."

Ya naɗe tiyonsa. Matata ta haɗa kayan Auta ta kai ta gidan yayarta. Mai gida ya leƙo, ya yaba aikin, ya ce ɗaki bai taɓa kyau haka ba.

Kullum da safe ina shiga in shinshina bangon in ji ko ya huce. Ko fentin ba na ji.

Jiya Auta ta kira ni. "Baba, yaushe zan dawo?"

Na ce bari in tambayi mamarki.