Gadon Gida Biyu

A Roni ba mai kiran Saude mai wabi a gabanta, amma sunan da dangin mijinta suka laƙa mata ke nan. 'Ya'ya uku ta binne, dukansu da ciwon ƙashi da kumburin hannu. Surukarta, Hajiya Tasalla, ta ce jinin Saude ne ba shi da kyau, ta kafa ƙahon zuƙa sai da Ashiru ya sake ta. Mutane kuwa ka san halinsu, inda babba ya karkata nan suke bi. Haka ta tsufa ita kaɗai a ɗakinta, ko suna ba a cika gayyatarta ba.

Cikin 'ya'yanta Bahijja ce kawai ta rayu, ga ta yanzu a jami'a tana karatun ƙwayoyin gado. Da ta zo hutu suna ɓarar gyaɗa, sai ta ce, "Inna, ciwon 'yan uwana sikila ce, kuma ba daga uwa kaɗai take zuwa ba. Uba ya ba da rabi, uwa ta ba da rabi. Mai rabi ɗaya lafiyarsa ƙalau, zazzaɓin cizon sauro ma bai cika kashe shi ba. Shi ya sa ta yaɗu tun kaka da kakanni."

"Babanki ma yana da shi ke nan?"

"Dole. Shi ma a gidansu ya gada."

Ashiru ya daɗe da rasuwa. Saura mutum ɗaya da Saude take so ya ji wannan magana. Ranar kasuwar Gwiwa ta hau acaɓa zuwa can gidan Hajiya Tasalla, tana tafe tana bita a zuci. Ba faɗa ya kai ta ba, so take tsohuwar ta ce, "Ashe ba ke kaɗai ba ce."

Ta tarar da Hajiya kan tabarma, tsufa ya lanƙwashe ta. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta zayyana mata komai. Hajiya na gyaɗa kai tana murmushi.

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. 'Yar wace ce ke?"

"Saude ce, Hajiya. Matar Ashiru."

"Saude? Ai yarinyar kirki ce. Ina yaran nata? Ki ce ta kawo min su in gani."

Saude ta gyara mata mayafin da ya zame.

"To, Hajiya. Zan faɗa mata."