Turaren da Mijina Ya Zaɓa

Mun daɗe muna sayar da kifi a kasuwar Busan ta ƙasar Koriya, ni da mijina Yong-gil, amma ban taɓa ganin ƙarni ya dame shi ba sai da aka sa ranar da za mu ci abinci da iyayen Tae-rim, saurayin 'yarmu Seon-hwa. Uban yaron likitan haƙori ne.

"Baban Seon-hwa, fatarka za ka saɓule?" na ce, da na tarar yana dirzar yatsunsa da lemon tsami.

"Ke ai hancinki ya mutu tuntuni."

Ya ja ni babban kanti neman wani turaren Faransa da ya ji a jikin Tae-rim. Yarinyar kantin ta fesa masa a takarda, ta faɗi kuɗin. Ya yi yaƙe, ya ce zai zaga ya dawo. Muka gangara shagunan ƙarƙashin ƙasa, wurin wata mata mai ɗura turare a ƙananan kwalabe.

"Baba, wannan ƙanin na Faransan ne, uwa ɗaya uba ɗaya," in ji ta, tana nuna mana kwalabe biyu. "Wancan kuma ko wanka ka yi yana nan daram."

Na ce ya ɗauki na farkon, ya fi sanyin ƙamshi. Ya ɗauki mai daɗewar.

Ranar ya fesa a wuya, ya fesa a kwat, har da safa, tunda za a cire takalmi. Na yi magana, ya harare ni. Ɗakin da iyayen Tae-rim suka kama mana a gidan abinci ƙarami ne, ƙofa a rufe. Ko miya ba a kawo ba uwar Tae-rim ta fara tari. Ta yi ta ba da haƙuri tana lalube a jaka, numfashinta na fita da ƙara. Ashe tana da asma. Mijinta da ɗanta suka riƙe ta suka fita, aka bar mu da tebur cike da abinci.

Seon-hwa ta daɗe tana kallon kwanonta.

"Baba, sun san kifi kake sayarwa. Tun farko na gaya musu, kuma ban ji kunya ba. Wa ya ce ka ɓoye?"

Ya cire kwat ɗin ya naɗe, ya tura ƙarƙashin tebur.

Matar ta kwana asibiti, ta warke. Yong-gil ya zaɓi kifi mafi kyau a rumfarmu ya aika mata, ta bugo waya ta yi godiya sosai. Sai dai har yau ba su sake sa wata rana ba. Seon-hwa ta ce aiki ne ya yi wa uban Tae-rim yawa. Duk sanda wayata ta yi ƙara, Yong-gil yakan ajiye wuƙa ya zuba mini ido, sai na girgiza kai ya ci gaba da yanka.