Saƙar Raihana da Aka Warware

Madam Marie, ke kika warware saƙar 'yata. Ko ba yatsunki suka ja zaren ba, a hannunki na danƙa ta. Ni ce Mairamu ta unguwar Yelwa a nan Garwa, matar marigayi Sulaimanu mahauci. Ban yi lakwal ba, ban iya rubutu ba. Maƙwabciyata Talatu ke rubuta wannan, kuma na ce kada ta tausasa mini ko kalma ɗaya.

Na fi shekara ashirin ina saƙa, ban taɓa sayar da ko safa ba. In na gama aikin gida sai in zauna gindin darbejiya da alluraina biyu, shi ke nan hutuna. Ni na koya wa 'yata Raihana. Da aure ya kai ta Mokolo, inda sanyin duwatsu ke shiga ƙashi, sai ta wuce ni nesa. Can ta koyo wani ado wurin wata tsohuwa, kamar igiya biyu suna murɗe juna, da 'yan ramuka a tsakani. Ta fara yi wa 'yarta Fiddausi suwaita da shi, da ulu ruwan toka. Ta gama baya, ta gama hannu ɗaya, gaba ya kai rabi. Ranar kasuwa babur ɗin da ta hau ya yi karo da mota, nan ta rasu. Mijinta ya kawo mini yarinyar da leda guda, saƙar na ciki, alluran a soke yadda ta bar su.

Wata takwas ban iya buɗe ledar ba. Da na buɗe, na ga ba zan iya ƙarasawa ni kaɗai ba. Ni daga jikin saƙa nake koyon saƙa, ina bin layi da yatsa, ga ido ya yi rauni, ga Raihana bahaguwa ce, komai nata a juye yake. Shi ya sa na kawo miki, tunda ke ce shugabar ƙungiyarmu ta ranar Alhamis, ke ce mai iya zana ado a takarda.

Kowa ya san aikinmu. Mukan sayo tsofaffin suwaitoci a gwanjo, mu zuba a shuɗin baho, mu warware, mu wanke, mu turara zaren a bakin tukunya ya miƙe, sannan mu saƙa wa bakwainin asibiti huluna. Abin da ya shiga bahon nan ya tafi.

Na ce miki, "Madam, wannan ta marigayiya ce. Ki ƙirga mini layukan, ki riƙa faɗa mini ina saƙawa."

Kina waya, kika ce, "To, Dada, to," kika karɓa da hannun hagu.

Zazzaɓi ya kwantar da ni sati biyu. Da na dawo kin tafi asibiti kai huluna. Sadiƙa, mai raba zare, ta miƙo mini dunƙule ɗaya ruwan toka, tana dariya.

"Inna Mairamu, mun ce ko kin gudu ne don kada a ga yawan hulunan da muka fi ki."

Na ce, "Ke da hularki ke fitowa kamar gammo?"

Aka yi dariya, na zauna na fara. Ruwan toka ya cika kasuwa, ban yi tunanin komai ba. Na kusa rufe hular sai yatsana ya ci karo da ƙulli. Ƙulli biyu a juye, da ɗan jela a hagu. Shekara goma ina yi wa Raihana faɗa a kan wannan ƙullin, ba ta taɓa bari ba. Da hannuna na saƙa hula da zaren suwaitar jikata.

Da kika shigo na ɗaga miki hular. Kika dafe baki.

"Pardon, Dada. Na ajiye ledar a gefen baho ne kawai. Ban san wadda ta zuba ba. Gobe zan kawo miki sabon ulu, mai kyau, daga Yawunde."

Na ce, "Ulun ya san hannun Raihana?"

Kika ce sauran zaren ya riga ya tafi asibiti, yana kan jarirai tara, in yi haƙuri, sadaka ce ta kai mata. Allah ya raya jariran nan, ban ce a cire musu ba. Amma ni ban bayar ba, kada ki yi mini sadaka da abin da aka ɗauke mini.

Ga abin da ya hana ni yin shiru. Alluran suna jikin saƙar. Duk macen da ta taɓa riƙe zare ta san in ta ga allura a soke, mai aikin za ta dawo. Sai an zare su da hannu kafin a ja zare. Wata ta gani, ta zare, ta ci gaba. Mu goma sha huɗu ne, kowacce ta ce ba ita ba ce, alluran kuma na gan su cikin gwangwanin ƙungiya.

Na gwada adon sau shida daga ka, yana fitowa kamar hanjin kaza. Na aika Mokolo a nemo tsohuwar, aka ce ta rasu bara. Fiddausi ta daina tambayata yaushe za a gama rigar da Mamanta ta fara mata, kuma wannan ya fi mini tambayar ciwo.

Ba na son ulunki, kada ki aiko. Alhamis mai zuwa zan zo in zauna a bakin ƙofa, ba zan taɓa zare ba. Ki tara matan nan duka, ki tsaya a gabansu. Ko wadda ta zare alluran ta tashi ta dube ni ta ce ita ce, ko ke ki ɗauki laifin da bakinki. Daga nan mai laifin ta biyo ni Yelwa, ta durƙusa ta yi wa Fiddausi bayani da kanta, don ni ba zan yi mata ba.