Gurbi Ɗaya a Kusurwar Larabawa

A garin nan mutum ba ya sanin ko shi wane ne sai ranar da ya mutu. Da rai dai kowa ɗaya ne. Mu Albaniyawa da Montenegrawa na wannan gaɓar ta Turai kifi ɗaya muke saya a bakin teku, gahawa ɗaya muke sha, zagi ma da yare biyu ake yin sa don kada wani ya ce bai ji ba. Amma maƙabarta ba ta san wannan zumunci ba. Musulmi suna kan tudu ƙarƙashin itatuwan zaitun, Kiristoci kowace coci da shingenta, can ƙasa kuma jikin katanga akwai 'yar kusurwa da ake kira ta Larabawa. Babu Balarabe ko ɗaya a cikinta. Baƙaƙe ne, zuriyar waɗanda jiragen ruwa suka kawo tun zamanin Turkawa, suka yi tuƙi, suka yi aure, suka mutu a nan.

A da gidajensu sun kai arba'in. Yanzu Remziye kaɗai ta rage, tsohuwa mai shekara saba'in da huɗu. 'Ya'yan wanta sun tafi Jamus ba su waiwayo ba. Ita ce mai wankan gawar mata a garin, ta gada wurin uwarta, kuma babu gidan Musulmi a kan tudun nan da ba ta rufe wa wata ido ba. Ba ta da ɗa ba ta da gona. Abin da ta mallaka shi ne gurbi ɗaya da ya rage a kusurwar, daura da kabarin uwarta. Duk Juma'a takan je ta cire masa ciyawa kamar mai gyaran gado. Katangar ba ta matsuwa, don bayanta otal ya shimfiɗa wurin ajiye motoci.

Akwai wata al'ada tsohuwa ta mutanen teku da muke alfahari da ita. Gawar da ruwa ya kawo ba a barin ta, a duba ta a miƙa wa mutanenta. In da gicciye a wuya, coci ta ɗauka. In da laya, masallaci ya ɗauka. Shekara ɗaruruwa ana haka, ba a taɓa yin faɗa ba.

To a ƙarshen bazara ruwa ya kawo wata yarinya baƙa, daga cikin masu tsallaka teku a kwalekwale. Babu takarda, babu suna, babu gicciye, babu laya. Ta yi kwana arba'in a ɗakin sanyi na asibiti ba wanda ya zo nema.

Ran nan da hantsi sai ga Liman Fadil da Dritan na majalisar gari a ƙofar Remziye, da ƙunshin gahawa da kwalin alewa. Tana ganin alewar ta san ruwa ba ya tsami banza. Suka zauna, aka gaisa, aka tambayi gwiwarta, aka zagi tsadar man zaitun. Dritan ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo su. Ya ce asibiti na son ɗakinsa, kuma al'ada ta ce a miƙa gawa ga mutanenta, su kuwa sun duba sun ga a duk garin nan yarinyar ba ta da kowa sai ita.

Remziye ta ajiye kofinta a hankali. "Dritan, ɗan Safete, ni na wanke uwarka. Lokacin da kakan kakana yake shigo da jirgi tashar nan, naka yana can kan dutse yana bin awaki. Yau kuma ni ce baƙuwar da ruwa ya kawo?"

Ya ce haba Inna, ba haka ake nufi ba, kowa ya san ita 'yar gari ce. Ta ce to tunda kowa ya sani, ga fili can kan tudu har akuya na kiwo, a kai baiwar Allah can. Liman ya sunkuyar da kai ya ce filin duk na iyalai ne, kowane gida ya shata nasa, kuma mutane za su yi magana. Ta tambaye shi ita fa, in an ba da gurbin. Ya ce in lokaci ya yi Allah ba zai hana yadda za a yi ba. Ta miƙa musu alewarsu ta ce a gaida gida.

Ranta a ɓace ta nufi gidan Milka. Milka Bamontenegriya ce Kirista, bencinsu ɗaya tun ajin farko, shekara sittin da wani abu suna cin ƙwan Ista tare suna cin naman layya tare. In da wanda zai taya ta zagin Dritan, to ita ce. Milka ta saurara har ƙarshe tana gyaran wake, ta girgiza kai ta ce lallai majalisa ba ta da kunya. Sannan ta ɗago da idonta cike da tausayi.

"Amma dai, Remziye, abin tausayi. Ai jininku ce."

Wannan ita ce maganar da ta kashe ta. Ta Dritan haushi ta ba ta, ta Milka kuwa kunya ta ba ta, kunyar kanta. Ashe duk shekarun nan da take ce "mu", su "ku" suke ji. Duk ƙidayar da aka yi a rayuwarta Ba'albaniya take cewa a rubuta, don da yaren Albaniyawa take mafarki, da shi take addu'a, da shi uwarta ta yi mata faɗa. Sabo turken wawa. Ta sha gahawar Milka har ƙarshe don kada a ce ta yi fushi, ta tashi ta tafi.

Kwana biyu bayan haka aka aiko mata daga asibiti. Majalisa ta yanke shawara, tunda babu mai karɓa, motar gwamnati za ta kwashi gawar ranar Litinin zuwa wani fili can cikin ƙasa, inda ake binne marasa suna da lamba a kan katako. Ba liman, ba fadan coci. Ana tambaya ko za ta zo ta yi wankan. Wanka aikinta ne, ba ta taɓa ƙin wanke kowa ba, ko wadda ta mutu ba sa magana da juna. Ta ɗauki sabulunta da likkafani ta tafi.

Ta yi wankan yadda uwarta ta koya mata, dama kafin hagu, tana yi wa gawar magana ƙasa-ƙasa don kada ta firgita. Yarinyar ba za ta wuce ashirin ba. Remziye ta dube ta da kyau tana neman kamar da kowa ya gani, ba ta ga komai ba. Ba hancinsu ba ne, ba goshinsu ba ne. 'Yar wasu ce kawai, wadda uwarta ke can wani wuri tana jiran waya. A yatsun ƙafarta akwai sauran jan farce, wanda aka shafa da kulawa kamar za a je biki.

Tana ɗaure likkafani wata ma'aikaciyar jinya ta shigo, sabuwa ce a garin, an kawo ta daga arewa. Ta miƙo takarda ta nuna mata layin dangi ta ce ta sa hannu. Da Remziye ta ce ita ba dangi ba ce, mai wanka ce, sai ma'aikaciyar ta yi murmushi ta ce, "Kai, Baba, kin iya yarenmu sosai. Yaushe kika zo?"

Remziye ta juya ga gawar. Ta tsaya tana kallon ƙullin likkafanin da ta yi da hannunta. Shekara hamsin ba ta taɓa wanke mace ta bari aka jefa ta rami ba salla ba. In ta bari yau, da wane ido za ta kalli uwarta? In kuma ba ta bari ba, ina za ta kwanta? Ta san an ci ta da yaƙi tun ranar da aka kawo alewa, sun san halinta shi ya sa suka aiko. Ta karɓi biron ta rubuta sunanta a layin dangi.

Ranar Lahadi aka yi jana'izar. Mutum shida ne, har da mahaƙa biyu. Dritan bai zo ba, ya aiko da furanni. Remziye ta tsaya bakin katanga, bayanta motocin baƙin otal suna shiga suna fita, tana kallo aka saukar da baƙuwar a wurin da ta yi shekara ashirin tana cire wa ciyawa. Ba ta yi kuka ba. Gajiya kawai ta ji, irin wadda barci ba ya maganinta. Da aka gama tura ƙasa, babban mahaƙin ya goge goshi ya ce to, kusurwar Larabawa ta cika, sai a sa mata kwaɗo.

Liman Fadil ya matso kusa da ita. Mutumin kirki ne, kuma ya ji nauyi. Ya ce Allah ya saka mata, ta yi abin da ya gagari gari, kuma ta kwantar da hankalinta, in ranar ta zo za a sama mata wuri a kan tudu.

"Kusa da wa, Malam?"

Liman ya ɗaga kai ya dubi tudun. Ga shingen gidan su Dritan, ga na masu jiragen kamun kifi, ga na gidan mai burodi, ga na iyalinsa shi kansa, ko'ina da fili a ƙarƙashin zaitun. Babu shinge ɗaya da babu macen da ta wanke a ciki. Ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, bakinsa yana motsi. Remziye ta jira shi. Ta ba shi lokaci sosai, har mahaƙan suka wanke shebur suka tafi, amma bai kira sunan kowa ba.